Zan iya zuwa kotu da kaina neman rabuwa, ko sai na ɗauki lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Rigasa, shekararmu 9 da aure, yaranmu 3, ƙaramar tana shan nono. Wata 8 ke nan maigidana ya daina kawo cefane, ɗinkin da nake yi shi ke riƙe da gidan. In na yi magana sai zagi, sau biyu har da duka. Iyaye sun zauna, limamin unguwa ya zauna, babu abin da ya canza. Na nemi ya sawwaƙe mini, ya ce sai na biya shi duk abin da ya kashe tun daga lefe. Akwai kuma fili a Rigachikun da na zuba kuɗin adashina a ciki, amma sunansa ne a takarda. Kawuna ya ce in je kotu da kaina, lauya asarar kuɗi ce. Ƙawata ta ce in na je ba lauya za a murɗe ni. Lauyan da na tambaya kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya raya miki yaran.

Kawunki da ƙawarki babu wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa gefe ɗaya ya kalla. Magana huɗu ce a ƙulle wuri guda: igiyar auren, riƙon yara da ciyar da su, kayan ɗakinki, sai filin Rigachikun. Ukun farko za ki iya tsayawa a kansu da bakinki idan kin shirya. Filin kuwa kada ki taɓa shi sai da lauya. Shawararmu ita ce ki shigar da ƙarar auren da kanki, amma kafin ki taka ƙofar kotu ki zauna ko sau ɗaya ne da wanda ya san fiƙihun Malikiyya kuma ya san aikin kotu. Ɗan kuɗin da kike da shi ki adana shi saboda shari'ar fili.

Babu dokar da ta wajabta miki lauya. A kotunan shari'ar Musulunci na Kaduna, irin ta Rigasa da ta Magajin Gari, da Hausa ake shari'a, da baki ake da'awa, alƙali da kansa yake tambayar kowane ɓangare yana rubutawa. Ofishin rajistara za ki je ki ce kin zo shigar da ƙara, ki ba da sunan mijinki da inda za a same shi, ki biya kuɗin ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit. Duk kuɗin da babu rasit a kansa ki tambayi na mene ne. Ki ba da kwatance biyu, na gida da na wurin sana'arsa, domin shari'a ba ta motsi sai sammaci ya isa hannunsa, kuma a nan ƙararraki da yawa suke maƙalewa makonni. Idan yana zillewa, ki roƙi alƙali ya ba da umarnin a kai ta hannun mai unguwa ko a liƙa a ƙofar gida. Wanda aka tabbatar sammaci ya same shi ya ƙi zuwa, kotu tana iya ci gaba a bayan idonsa.

Yanzu ga wurin da mata suka fi yin asara, kuma tun a ranar farko ake yin ta. Mace tana fita daga aure ta kotu ta hanyoyi daban-daban, kowace da hukuncinta. Akwai khul'i, inda take fansar kanta da dukiya. Akwai raba aure saboda cutarwa. Akwai raba aure saboda rashin ciyarwa. Da mijinki ya ce sai kin biya shi, khul'i yake jan ki, don ita ce hanyar da yake da riba a cikinta. Idan kika tsaya gaban alƙali kika ce “na gaji, ba na son zama da shi, zan mayar masa da sadakinsa”, to khul'i za a rubuta, daga nan sai ciniki, ba wanda zai sake tambayar cefanen wata 8 ko dukan. Ke kuwa labarinki na cutarwa ne, kuma matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali yana sakinta ba tare da ta biya ko sisi ba, saki ba'ini wanda babu kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Har ma Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo cewa matar da ta fanshi kanta saboda ana cutar da ita, khul'in ya tabbata, kuma za a mayar mata da abin da ta bayar.

Saboda haka da'awarki ta fita a fili tun farko: kina ƙarar mijinki saboda wata 8 bai ciyar da ke ba, yana zaginki, ya dake ki a lokaci kaza da kaza, kina roƙon kotu ta raba auren saboda cutarwa, ta bar miki riƙon yara, ta yanka masa ciyarwarsu. Kada ki tsaya kan rashin ciyarwa kaɗai. A wannan alƙali yana ba miji wa'adi ya gyara, in ya kasa a saki matar, amma sakin na kome ne. Da zarar ya nuna ya sami abin ciyarwa kafin idda ta cika, yana iya mayar da ke.

Ba muna cewa khul'i aibi ba ne. Halal ne, yana cikin aya ta 229 a Suratul Baƙara, kuma matar Sabitu ɗan Ƙaisu gonar da aka ba ta sadaki ta mayar aka rabu. Ya fi sauri, ba ya bukatar shaidu, ba ya tona asirin ɗaki a gaban jama'a. Idan sadakinki ba mai yawa ba ne kuma abin da ya fi damunki ki fita da wuri, kina iya zaɓarsa da idonki buɗe. Jerin da maza suke zuwa da shi na lefe da kuɗin gaisuwa da abincin biki bai kamata ya firgita ki ba. Abin da aka saba gani shi ne idan miji ya tsawwala, alƙali ya mayar da magana kan sadakin da aka ambata ranar ɗaurin aure, shi ya sa yana da kyau waliyyinki ko wanda ya karɓi sadakin ya kasance kusa. Ki dai sani mai khul'i ba ta da ciyarwar idda sai in tana da ciki, wurin zama kawai take da shi. Mu a ganinmu ki fara da cutarwa, ki riƙe khul'i a matsayin mafita ta ƙarshe idan shaidu suka gagara.

Shaidun nan su ne shari'ar, kuma lauya komai iyawarsa ba zai ƙirƙiro miki su ba. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ma'ana, idan kika kasa kawo shaida, mijinki ya rantse, da'awar ta faɗi. A maganar ciyarwa abin ya fi tsanani, domin matuƙar kuna gida ɗaya, maganar miji cewa yana ciyarwa ita ake ɗauka tare da rantsuwarsa, sai in kin kawo abin da ya rushe ta. Mahaifinki da mahaifiyarki ba a karɓar shaidarsu don amfaninki, haka 'ya'yanki. Ki nemi maza biyu masu mutunci waɗanda ba su da wata riba a shari'ar kuma ba su da gaba da shi: maƙwabcin da ya raba ku ranar dukan, mai shagon da kike karɓar bashin abinci a wurinsa, limamin da ya zaunar da ku. Zaman sulhun nan da kike ganin bai haifar da komai ba, watakila shi ne babbar hujjarki, idan a gaban liman da dattawa ya amsa cewa ya daina cefane ko ya ɗaga miki hannu. A mazhabar Malikiyya kuma ana tabbatar da cutarwa da shaidar ji, wato amintattu su ce labari ya yaɗu a unguwa, tsakanin mata da maƙwabta, cewa wane yana cutar da matarsa. Ki je wurin kowane shaida da kanki ko ta hannun kawunki ki ji amincewarsa kafin ki ambaci sunansa, don mutane suna yawan janyewa idan suka ji kalmar kotu. Kada ki koya wa kowa abin da zai faɗa, alƙali da abokin shari'a za su yi masa tambayoyi, kuma shaidar da aka kitsa ba ta jure tambaya uku.

Idan ya sake dukanki, ranar ki je asibitin gwamnati a duba ki a rubuta, ki ɗauki hoton raunin, ki ajiye katin. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane ta shekarar 2018, duka tsakanin ma'aurata laifi ne a ƙarƙashinta, kuma ana iya neman kotu ta ba da umarnin kariya. In zaman gidan ya zama haɗari, ki fita, lafiyarki ta fi komai. Sai dai ki tafi gidan waliyyinki kai tsaye, a sanar da mai unguwa ko liman a ranar, saboda kada gobe a ce yaji kika yi ba dalili, a nemi a zubar da haƙƙinki na ciyarwa.

Idan ƙorafi ya yi ta maimaituwa hujja ba ta fito ba, akwai hanyar da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta shimfiɗa: alƙali ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki, ɗaya daga danginsa. A Malikiyya ba 'yan rakiya ba ne, idan suka ga gyara ba zai yiwu ba suna da ikon raba auren, da biya ko ba biya gwargwadon wanda suka samu da laifi. Saboda haka ki yi tunani sosai kan wanda zai wakilci ɓangarenki. Mai haƙuri ake so wanda ya san abin da ya faru, ba wanda zai ji kunyar surukai ya amince da komai ba.

Abu biyu za ki kiyaye da su fiye da kowane lauyan da mijinki zai kawo: bakinki da sa hannunki. Abin da mutum ya amsa da bakinsa a gaban alƙali ya ɗaure shi, ba a neman wata shaida bayansa. Idan an tambaye ki abin da ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba a sake. Kada fushi ya sa ki ce “na yafe komai, ni dai a rabu”, don za a rubuta. Haka takardar da za a kawo miki a zaure a ce ki sa hannu a wuce wurin. Khul'i a kan mace ta bar riƙon 'ya'yanta ko ta ɗauke wa uba ciyar da mai shan nono abu ne da fiƙihu ya san da shi, kuma yana iya zama a kanki. Uwa ta sa hannu cikin kuka da daddare, da safe ta ga ta sayar da abin da ya fi sadakin daraja nesa ba kusa ba. Kowace takarda ki ce sai kin kai an karanta miki.

Riƙon yara naki ne bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Maganar da ake yaɗawa cewa da an yaye yaro uba yake karɓa al'ada ce kawai. Idan kika yi wani aure kika tare da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yana barin hannunki, amma mahaifiyarki ce a gaba, sannan 'yan uwanki mata, wato innonin yaran, kafin a zo ɓangaren uba. Ci da sha da sutura da wurin kwanan yara suna kan uba ko a hannun wa suke, kuma tunda kina shayarwa, bayan saki ba'ini kina da ladan shayarwa kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce. Ki zo da lissafi a rubuce na abin da yara 3 suke ci a wata da farashin kasuwa na yau: kwanon masara da shinkafa nawa, mai, sabulu, gawayi, kuɗin boko da na Islamiyya, magani. Ki faɗi abin da kika sani na samunsa, domin gwargwadon ƙarfin uba alƙali yake yankawa. Kada ki jinkirta wannan roƙo zuwa wata ƙara ta daban. Ciyarwar yara da ta wuce kafin alƙali ya yanka tana da wuyar karɓowa, wadda aka yanka kuwa bashi ce a wuyansa. Ki roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta asusun banki don a sami shaida, kuma kada ki hana shi ganin 'ya'yansa ko da bai biya ba. Kotun da ta yanke hukuncin za ki koma ta tilasta shi.

Kayan ɗaki ba su da wahala idan kin riga rigimar. Ki rubuta su, ki ɗauki hoto, ki nemo rasit na keken ɗinki da firiji in akwai. Inda babu shaida, abin da aka san na mata ne na mace ne da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa na miji ne da rantsuwarsa, don haka irin su talabijin da janareta su ne ake rasawa. Kada ki kwashe kaya a ɓoye, ki roƙi kotu ta haɗa ki da ma'aikacinta.

Fili shi ne inda ƙawarki ta yi gaskiya. A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗa dukiya, abin da kowa ya mallaka nasa ne, kuma takarda tana nuna shi. Ke ce za ki tabbatar kin zuba kuɗi, nawa ne, kuma a matsayin me: tarayya, ko rance, ko kyauta kamar yadda lalle zai ce. Kowace amsa da irin ƙarar da ta dace da ita. Sannan akwai tambayar wace kotu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha kaɗai hurumin rigimar filin da yake da shaidar mallaka ta gwamna, kuma hukuncin kotun da ba ta da hurumi rushe shi ake yi a sama ko da an shekara ana yi. A Babbar Kotu da Turanci ake komai a rubuce, bayanan asusun banki da saƙonnin waya ma sai an haɗa su da takardar tabbatarwa da dokar shaida ta 2011 ta tanada. Wannan aikin lauya ne. Abin da za ki yi tun yanzu shi ne tattara hujja: uwar adashi da littafinta, bayanin asusunki na watan da aka sayi filin, dillalin da ya haɗa cinikin, waɗanda suka sa hannu a takardar sayarwa, saƙon da ya taɓa rubuta miki yana cewa “filinmu”. Lauya zai bincika a KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Jihar Kaduna, ya ga matsayin filin, kuma yana iya neman kotu ta hana sayar da shi kafin a gama shari'a. Kada ki bari a cusa “babu sauran wani haƙƙi tsakaninmu” a cikin sulhun aure alhali maganar fili ba ta mutu ba.

Ko a shari'ar auren, akwai lokacin da za ki nemi alƙali ya ɗage zama ki samo lauya: idan mijinki ya shigar da ƙarar martani ta kuɗi masu yawa, idan ya kai ki wurin 'yan sanda da zargin sata, idan ya musanta ɗaya daga cikin yaran, ko aka fara jayayya kan hurumin kotu. Zuwansa da lauya kawai ba dalilin tsoro ba ne, alƙali ne mai hukunci, kuma dole ya saurare ki.

Wajen ɗaukar lauya, ba dole ne ki sayi shari'a sukutum ba. Ki ce shawara kike so ta zama ɗaya: ya ji labarin, ya tsara miki da'awa, ya tace shaidunki, ya gaya miki tambayoyin da za ki fuskanta. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na tsayawa shari'a ba. Ki tambaye shi ko yana shiga kotunan Musulunci, domin ƙwararre a shari'ar kamfanoni yana iya zama baƙo a babin hadana, wato riƙon yara. In kun yi yarjejeniyar tsayawa, a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, ko akwai kuɗin zuwa kotu na kowane zama, ko ɗaukaka ƙara tana ciki. Ki sani ko da lauya sai kin halarta, kuma rantsuwa ba a wakilta, ke za ki yi. Masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, ki yi nesa da su. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana da reshe a Kaduna, hukumar Legal Aid ta tarayya ma tana da ofis, dukansu suna ba masu ƙaramin ƙarfi shawara kyauta. Ki fara da su, ki tafi da duk takardunki.

Ga masu karatu da aurensu na rajista ne, amsar ta bambanta. Babbar Kotu kaɗai ke raba shi a ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970, ba a shigar da ƙara kafin aure ya shekara 2 sai da izinin kotu ko a wasu keɓantattun dalilai, kuma hukuncin farko sai ya yi wata 3 kafin ya zama na ƙarshe. Doka ba ta hana mutum tsayawa da kansa ba, amma takardun suna da ƙa'idoji masu yawa, lauya ya fi.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada ki ce babu alhali akwai shaidan da bai zo ba ko roƙon da ba a rubuta ba, wannan ce damarki ta ƙarshe a wannan kotu. Bayan hukunci ki karɓi takardar shaidar rabuwa da kwafin hukuncin mai hatimi, ki sa a karanta miki: ranar sakin, irinsa, wanda aka ba riƙo, adadin kuɗin ciyarwa da ranar biya. Iddarki tsarki 3 ce, kuma da yake kina shayarwa, idan al'ada ba ta dawo ba ki tambayi alƙali yadda za ki ƙirga. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kuma maganar tana iya hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha. A can ba a sake jin labari daga farko, abin da aka rubuta a kwafin shari'a ake dubawa ana kawo nassi a kai. Idan aka kai nan, ko ke kika ɗaukaka ko shi, ki nemi kwafin shari'ar a makon farko ki kai wa lauya, kuma kada ki karɓi maganar wani aure sai an tabbatar miki babu ƙarar da ke rataye a sama.